Digar Da Na Ƙera Wa Habu Bakano

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ƙarfe da taurinsa, ya kuma hore shi ga hannun ɗan Adam.

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, muna tsaitsaye a bakin masallacinmu na Tremont, nan unguwar Bronx a birnin New York, ɗaya daga cikinku ya ce da ni, "Baba Isuhu, wai da gaske mutum zai taso daga wata jiha, ya biya kuɗi masu nauyi, don kawai ka goge masa gindin sandar golf? Ai a waya ake odarta, jibi ta iso ƙofar gida." Kuka yi dariya, ni ma na taya ku. Ban ba da amsa a wurin ba, domin amsar ba ta tsaye ba ce. Ga shi na zauna na rubuta muku.

A jakar ɗan wasan golf akwai sanduna har goma sha huɗu. Dogayen su ne masu kora ƙwallo nesa. Akwai kuma gajeru masu kwantacciyar fuska, ana kiran su weji, aikinsu ɗaga ƙwallo daga ciyawa ko yashi su ajiye ta a hankali kusa da rami. Babu sandar da ta kai weji hulɗa da ƙasa. Ƙarƙashinta, wanda nake kira tafi, shi ke shafar ƙasa a kowane bugu. In tafin ya yi siriri sai bakin sanda ya nutse. In ya yi tudu da yawa sai ta yi tsalle ta daki ƙwallo a ciki. Aikina shi ne in daidaita wannan tafi da hannun mai sanda da kuma ƙasar da yake wasa a kai. Faɗinsa bai wuce yatsa ɗaya ba, kuma a kansa na tsufa.

Ni ɗan maƙera ne daga wani ƙauye gabas da Damagaram. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sa ƙarfe a wuta ba sai ya tambayi manomi inda gonarsa take, jigawa ce ko fadama ko fako. Sannan ya ce masa ya sunkuya kamar yana noma, ya tsaya yana kallon bayansa da gwiwar hannunsa, kafin ya san tsawon ƙota da yadda ruwan fartanya zai karkata. Ina yaro na ɗauka son hira ne kawai irin na tsofaffi. Sai da na ƙetare teku na fahimci abin da yake yi.

Da na zo New York tebur na kafa a Manhattan ina sayar da laima da tabarau. Wata rana iska ta karya mini laimomi da dama, na zauna da filaya ina miƙe haƙarƙarinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani tsohon Bakoriye, Mista Pak, mai shagon gyaran sandunan golf a bayan teburina. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallon hannuna. Washegari ya kira ni ciki ya miƙo mini wuƙa mai lanƙwasasshen baki. Shekara biyu cur aikina yanke tsohuwar robar mariƙi da sa sabuwa, warin man da ake wanke mariƙin da shi har cikin tuwona nake jin sa. Injin gurza ƙarfe na nan a lungu, ko bel ɗinsa bai yarda in taɓa ba.

Ranar da karatu na gaske ya fara, ya jawo wani akwati cike da matattun weji ya juye a gabana. Ya ce kada in dubi fuskarsu, tafinsu kawai zan duba, in gaya masa halin mai kowace. Na jujjuya su ban ga komai ba. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini inda ta ci a diddige, ya ce mai wannan gajere ne, sandar ta yi masa tsaye. Ya ɗauki wata, ya ce wannan mai gaggawa ne, daga sama yake sara. Wata kuma ya ce mai ita tsoron yashi yake. Mutanen nan bai taɓa ganin wasunsu ba. Ashe duk abin da hannu ya yi a ɓoye, ƙarfe yana riƙe da shi, sai dai a rasa mai karantawa. Daga ranar na fara liƙa farin tef a jikin kowace ƙota ina rubuta abin da na gani da ajami, don shi ne rubutun da hannuna ya fi sauri da shi. Mista Pak yakan ce shagonsa ne kaɗai a birnin nan da ɓarawo ba zai iya satar sirrinsa ba, don shi kansa ba ya iya karantawa.

Da ya ba ni injin, abu ɗaya ya nanata. A maƙerar gida in ka yi kuskure za ka mayar wuta ka sake bugu. A nan abin da bel ya cinye ya tafi ke nan. Ka ɗan taɓa, ka tsoma a ruwa, ka duba a haske, ka sake taɓawa. Na lalata kawunan sanda da yawa kafin hannuna ya koyi tsayawa da wuri.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe shago. Mista Pak ya shiga asibiti bai fito ba, ko rakiyarsa ban samu yi ba. Matarsa ta kira ni ta ce in zo in kwashe kayan aiki kafin mai gida ya zubar. Mu huɗu muka ɗauko injin nan muka kawo shi wani ɗan ɗaki a bayan kantin Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi mai sayar da gari da busasshen kifi. Watanni na yi ina wasa wuƙaƙen mahauta da na mata masu sayar da abinci, da injin da aka yi don sandunan attajirai. Da mutane suka gaji da zaman ɗaka, filayen golf suka cika, tsofaffin abokan cinikin Mista Pak suka nemo ni har Bronx. Sai ka ga lauya da takalmi mai tsada yana ratsa buhunan gari yana tambaya ina Mista Yusuf.

A wannan ɗaki Habu ya same ni. Bakano ne, ya haura hamsin, dogo, mai sanyin magana. Tun yana ƙarami yake ɗaukar wa 'yan golf jaka a wani fili a Kano, a can ya koyi wasa da sandar da wani ya yar. A nan kuma yana zaune a Port Richmond, can ƙetaren ruwa, yana aiki a wani filin golf yana wanke 'yan motocin fili da ɗaukar jakunkuna. Babban mai koyarwa na wurin ya ga wasansa, ya ce zai ɗauke shi mataimaki in ya ci jarrabawar wasa da ake yi wa masu neman shaidar koyarwa, kuma zai riƙe masa gurbin zuwa ƙarshen kaka kawai. Jarrabawar rami talatin da shida ce a yini ɗaya, kada bugunka ya wuce adadin da aka yanka. Zama biyu suka rage masa a shekarar. Gwiwoyinsa kuwa sun fara gaya masa cewa ɗaukar jakar wasu ya kusa ƙarewa.

Bas ya hau, ya hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa, da jaka a kafaɗa. Da ya shigo sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ƙi zama a kujera sai da na matsa. Ya ciro tsohuwar wejinsa ta Kano ya miƙo mini da hannu biyu.

Ban taɓa riƙe irinta ba. Lambar da ke tafinta ta shafe, tafin ya zama siriri mai santsi kamar bayan cokali. Babu injin da ya taɓa ta. Ƙasar Kano ce ta gurje ta, fako mai tauri da yashin da ake cakuɗawa da baƙin mai a maimakon ciyawa kusa da rami, shekara da shekaru, har ta koma daidai hannun mutum ɗaya a duniya. Na jujjuya ta a haske ina tasbihi. Abin da nake yi da bel da ma'auni, ƙasa ta yi shi ba ta da ido. Sai dai layukan fuskarta sun mutu, ba ta riƙe ƙwallo kuma.

"Malam, irinta nake so, sabuwa," in ji shi.

Na tsayar da shi a kan tabarmar roba da ke ɗakin, na kunna na'urar da ke auna tashin ƙwallo. Ya buga, lambobi suka fito kyawawa. Na ƙera masa biyu, ɗaya ta ciyawa ɗaya ta yashi, na kwaikwayi siririn tafin nan kamar mai kwafar allo. Da ya zo karɓa na ce ya gwada.

"Yaya ka ji ta?"

"Madalla, Malam. Allah ya saka da alheri."

Bayan mako na kira shi a waya na tambaye shi yadda take a fili. Ya ce lafiya lau, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Na ajiye waya raina fari.

A wajen wani suna a unguwar Concourse Village na ji labari. Wani abokinsa, ma'aikacin jinya, muna cin shinkafa a faranti ɗaya, ya ce, "Malam, ai Habu ya faɗi, da bugu uku. Tun ranar farko ya ce mini sandar nan nutsewa take a ciyawa." Na ajiye lomar da ke hannuna.

Kuskuren a fili yake da na zauna na duba. Habu daga sama yake sara, don a fako haka ake yi, ƙasa ba ta barin bakin sanda ya shiga, sai ya zame ya ɗauki ƙwallo. Tabarmar roba ma haka take, tauri gare ta, ta ɓoye mini komai. Ƙasar nan kuwa laka ce mai shan ruwa, tana buɗe baki ta haɗiye sanda. Na ƙera fartanyar fako na aika mutum fadama. Amma akwai kuskure na biyu da ya fi wannan, kuma Mista Pak bai taɓa koya mini maganinsa ba don bai san da shi ba. Bature in sanda ba ta yi masa ba, kafin ka rufe baki ya faɗa, wani har da zagi. Duk aikinmu a kan wannan aka gina shi, mai sanda ya faɗi abin da ya ji, mai gyara ya gyara. Ni kuwa ɗan'uwana Bahaushe ne ya tsaya a gabana, ƙanena a shekaru, na tambaye shi ra'ayinsa a kan aikin hannuna, na kuma yarda da amsar. Ni da na san al'adar gida.

Saura mako uku zama na ƙarshe. Ban kira shi ba. Na jira ranar da aka kwana ana ruwa, na zuba sababbin kawunan weji uku masu kaurin tafi a jaka, kowanne da ƙotarsa, da magagari biyu da ɗan ƙaramin abin matse ƙarfe. Na hau jirgin ƙasa, na hau jirgin ruwa, na hau bas. Sai a ranar na san nisan da bawan Allah nan ya yi ta yi da jaka a kafaɗa.

Na same shi yana wanke mota da tiyo. Ya saki tiyon ya durƙusa.

"Malam! Da ka aiko ai da na zo."

"Me ya hana ka gaya mini?"

Ya dubi ƙasa. "Malam, kai sa'an babban yayana ne. Ka tsaya da hannunka ka yi mini aiki. Ta yaya zan dubi idonka in ce bai yi ba? Na ce ko hannuna ne."

Muka nemi izinin maigidansa, muka tafi gefen filin inda ake gwaji. Na ɗaure abin matsewa a bayan motar. Na miƙa masa ta farko, ya buga uku. Ina gani da idona sandar tana tsalle.

"Yaya?"

"Ba laifi, Malam."

Na ga in aka tafi a haka zan koma Bronx da ba laifi cike da jaka, shi kuma ya ci gaba da wanke mota har gwiwa ta ƙare. Ina neman dabara, sai Allah ya tuna mini ko ni wane ne da ko shi wane ne. Ku da aka haifa a nan ba lalle ku sani ba, tsakanin Damagarawa da Kanawa akwai wasa tun na kakanni. Badamagare zai tare Bakano a kasuwa ya kira shi bawansa, ya faɗa masa abin da ya ga dama, shi ma ya rama, ba mai fushi, ba babba ba yaro. Na cire hulata na ajiye a kan kujerar mota.

"Kai Bakano," na ce. "Ashe bakinku a ciniki kawai yake aiki? Da ruɓaɓɓen goro na sayar maka da tuni ka tara mini jama'a."

Ya ɗago a firgice. "Malam..."

"Babu Malam a nan, ga shi can a kan kujera. Badamagare ne ya zo duba bawansa. Mu da muka saba kora ku har ƙofar gari, yau kuma sanda ta kore ka?"

Ya rufe baki da hannu, yana danne dariya. Ya juya baya, ya juyo. Sai na ga idon ya sauya.

"To wallahi tunda haka ne, bari ka ji. Diga ka ƙera mini! Diga! Kowane rami sai na haƙa rijiya. Mai gyaran ciyawar nan ya daina amsa gaisuwata. Ranar jarrabawa na ɗebo ɓawon ƙasa ya fi ƙwallon nisa, wani Bature ya tambaye ni ko shuka zan yi. Wa ya ce a ba mutanen da ba su san komai ba sai yashi da raƙumi aikin ƙarfe?"

"Alhamdu lillahi. Wannan ta hannunka fa?"

"Wannan faranti ce. Tsalle take kamar akuyarku."

Daga nan aiki ya fara. Muka ajiye ta farko, ta biyu ta fi kusa. Ya buga, ya zage ni, in matse in goga, in miƙa masa. Ya ce in ya buɗe fuskarta diddige na kama ciyawa, na rage diddige. Ya ce tana makara wajen fita daga ƙasa, na sassauta bayan tafin. Na bar tudun tsakiya yadda yake, don shi ne zai hana ta nutsewa. Mutumin da ya yi wata biyu ba ya cewa komai sai madalla, ga shi yana faɗa mini abubuwan da na'urata ba ta da lambarsu. Garin ƙarfen da nake cirewa a kowane zagaye ba zai rufe farcen babban yatsa ba, amma yana ji.

Har na yi shakka, na ce bari in gwada shi. Na juya masa baya na matse sandar, na goga magagari a jikin abin matsewa, ƙara na tashi, sandar kuwa ban taɓa ta ba. Na hure ta na miƙa masa. Ya buga ɗaya tak. Ya tsaya ya dube ni.

"Ba ka taɓa ta ba, ɓarawon Damagaram."

Na yi shekaru ina aiki da ma'aunin da ke raba digiri biyu, ga tafin hannun mai wankin mota ya fi shi gani. Wane ne ya sa wannan a cikin fata da jijiya? Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi hannu, na koma na goga na gaske.

Wajen azahar ya yi wani bugu da har yau ina jin sautinsa. Sandar ba ta sara ba, ba ta yi tsalle ba, ta shafi jiƙaƙƙiyar ciyawa da wani ɗan tattausan sauti kamar an tafa hannu a cikin riga. Ɓawon ƙasar da ya tashi siriri ne, ana ganin saiwar ciyawa a ƙasansa. Ƙwallon ta hau, ta sauka, ta yi taku ɗaya, ta tsaya cik kamar an kira sunanta. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Bai zage ni ba, bai ce madalla ba. Muka yi alwala da tiyon wankin mota muka yi salla a gefen ciyawa. Ta yashin ba mu samu taɓa ta ba, aikinsa na jiransa.

To ku da kuka tambaya ko tafiyar da kuɗin sun cancanta, ga abin da na sani. In za a tsayar da kai a kan roba a karanta maka lambobi, kai kuma ka gyaɗa kai, zauna a gida ka yi odarka a waya, ba ka rasa komai ba. In mai gyaran zai bi ka har ƙasar da kake wasa, kai kuma za ka buɗe baki ka faɗa masa gaskiya ko da ya girme ka, to ka tafi ko da jirgi uku ne.

An yi zaman ƙarshe ranar wata Litinin, ana yayyafi tun safe. Ban kira shi ba, shi ma bai kira ba. Talata da hantsi ina tsaye da wasu Turawa biyu ina auna musu ƙota, sai na ji murya tun daga bakin kanti, ta ratsa buhunan gari.

"Ina tsohon nan mai ƙera diga?"

Alhaji Mumuni ya biyo shi da sauri yana cewa, "Kai, kai, wa kake wa magana haka?" Habu bai kula shi ba. Bai durƙusa ba. Ya ajiye wejin a kan teburina da lakarta ba a wanke ba.

"Na ci. Bugu biyu na rage musu," ya ce. "Litinin mai zuwa zan fara. Da riga mai kwala, ba tiyo."

Na jawo kujera na zauna ina hamdala. Turawan nan na kallonmu ba su san abin da ake ciki ba. Kafin in gama sai ya zaro ɗaya sandar daga jaka ya ɗora mini a cinya.

"Kada ka miƙe ƙafa. Wannan ta yashin banza ce, sau biyu ta kusa kashe ni jiya. Asabar ina jiranka, kuma kai za ka hau jirgin ruwan."

Na ce to. Tun a ranar na sa magagari a jaka.